Hoton da Inna Kande Ta Ce a Goge

Ku matsa ku ba mutane hanya, sannan ku buɗe kunne. Tun ɗazu nake jin ku kuna cewa sana'ar hoto ta zama wasan yara, wai ko ɗan goye ya danna waya hoto zai fito. Haka ne, zai fito. Ni ma in na riƙe aska gashi zai zuba, amma ban ga wanda zai miƙo mini kan jaririnsa ranar suna ba. Na haura shekara talatin a wannan aiki, daga Funtua zuwa nan Malumfashi, har sunan ubana ya ɓace a bakin mutane, sai dai Bala Mai Hoto. Tunda kun cika mini benci kuna cajin waya a ɓagas, sai ku biya da saurare.

A Funtua na koya, a hannun Malam Yohanna, wani Bahaushe Kirista mai shago kusa da tasha. Shekara guda cur ban taɓa kyamara ba. Aikina shara, goge gilashi, ɗebo ruwa da riƙe gefen labule in iska ta taso. Sai a shekara ta biyu ya shigar da ni ɗakin duhu, wani ɗan akurki mai jar fitila da farantai uku na ruwan magani. Warin maganin nan yana bin mutum har gida, har uwata ta tambaye ni ko asibiti na koma aiki. A can na fara ganin fuskar mutum tana tasowa a kan farar takarda a hankali a hankali, ido ya fito, hanci ya biyo baya. Ranar farko na yi ta a'uziyya a raina, Malam Yohanna yana ta dariya har da riƙe ciki.

Ku yanzu kuna ɗaukar hoto hamsin ku zaɓi ɗaya. Mu fim ne, ɗauka talatin da shida, in ya ƙare ya ƙare, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. Bikin farko da aka tura ni ni kaɗai, a wata unguwa bayan kamfanin auduga, na jera ango da abokansa goma sha ɗaya, na ce su gyara tsayuwa, na danna. Da aka wanke, sai ga manyan riguna sha biyu sun sha guga, ga takalma na sheƙi, babu kai ko ɗaya. Duk na fille su daga wuya. Ango ya zo karɓa, ya duba, ya ce shi dai ya gane rigarsa. Malam Yohanna bai zage ni ba, bai dake ni ba. Ƙusa ya samo ya kafe hoton a saman ƙofar shago, duk wanda ya shigo ya tambaya sai ya nuna ni da leɓe. Wata takwas hoton nan yana wurin.

Babban sirrin shagon kuwa fensir ne. Malam Yohanna yana fere shi har ya yi tsini kamar allura, ya ɗora nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake buga hoto daga jikinsa, a kan gilashi mai haske, ya yi ta shafawa. Ƙurajen fuska su tafi, tamoji ya ragu, mai tabo ya wayi gari sumul. Na taɓa tambayarsa ko wannan ba ha'inci ba ne. Ya ce, "Bala, wanda ke son ganin kansa yana da madubi a gida, kyauta. Mai zuwa nan wanda yake zaton shi ne yake son gani." Amma yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita. Hoton da aka gyara na mai shi ne, ya ɗauka ya tafi. Na asali kuma ba a yar da shi, a sa a ambulan, a rubuta suna, a jefa a akwati. Akwatunansa sun kai bakwai lokacin da na bar shi.

Kaka ita ce sallarmu. In manoma suka sayar da auduga da masara, sai ka ga layi har bakin titi. Labulenmu yana da zanen gidan sama da jirgi a bisansa, ga filawar roba, ga wayar tarho da ba a haɗa ta da komai ba, ga tabarau da kwat na aro. Mutum zai shigo da kaushin ƙafa ya fita yana waya da Legas. Wahalar ita ce sa Bahaushe ya saki fuska. A waje yana ta raha, da ya ga kyamara sai ya haɗe gira, ya ƙame, ya daina numfashi. Dattawa kuma suna rufe ido daidai lokacin da wuta ta haska, sai ka ƙirga musu uku ka danna a biyu.

Wani manomi daga Mahuta ya taɓa zuwa da bajimin sansa, ya ce tare za a ɗauke su, don shi ne ya yi masa huɗar da ta kai shi ga sabon kwano a rufin ɗaki. Na ce shago ba zai ɗauki sa ba. Ya ce to a fito da labulen. Muka ɗaure gidan sama a jikin bishiyar dalbejiya, muka tsayar da sa a gabansa. Ina cikin gyara kyamara sa ya miƙa wuya ya kwashe filawar roba, ya tauna, ya ji ba daɗi, ya huce a kan labule da ƙaho. Hoton ya fito da rabin gidan sama a rataye a kan sa, mai shi kuma yana gefe a ƙame. Ya ce bai taɓa ganin hoto mai kyau irinsa ba, ya sa aka buga masa uku.

Muguwar shekarar ita ce wadda wayoyi masu kyamara suka cika gari, kuma a daminar tsutsa ta shiga masara. Na riga na buɗe nawa shagon a nan, ga iyali. Biki ya ragu, wanda aka yi kuma ƙanen amarya ne mai ɗauka da waya. Sai in wuni ina korar ƙuda. Na sayar da babur, na koma ƙwadago a gonakin mutanen da na saba ce musu su ɗaga haɓa. Wani ya gan ni da fartanya ya ce, "Mai hoto, gyara tsayuwa." Na gyara, don kunyar neman abinci ba ta cika ciki. Da kaka ta zagayo na tattara abin da na samu, na je Funtua na zauna a aji da sa'o'in 'ya'yana na koyi kwamfuta. Nan na gane abin da fensir ke yi a wuni, ita kafin shayi ya huce ta gama. Na dawo na zama abin kwatance. Baƙi ya shigo ya fita fari, ramamme ya fita da kumatu, wanda bai taɓa wuce Bakori ba ya fita yana saukowa daga jirgi.

To a wannan zamanin ne aka kawo mini Inna Kande. Manyanku sun san ta, mai daddawa ce a layin 'yan kayan miya. Baƙa ce siririya, da bille a kumatun hagu, haƙoranta biyu na gaba sun yi sallama tuntuni, kanta kuma ya ɗan karkata saboda shekarun ɗaukar ƙwarya. Ɗanta na fari, Alhaji Sani mai sayar da taki, ya gina sabon gida yana son babban hoton mahaifiyarsa a falo. Daga kasuwa ya ɗauko ta, da zanenta na atamfa da ya ƙoshi da wanki, ya ajiye ta a shagona ya koma ɗauko kayan ado. Muna jira ina tsokanarta, na ce daddawarta ce ta kori kwastomomina da ƙamshi. Ta fashe da dariya, giɓi a waje, ni kuma na danna don gwada haske.

Sai aka kawo leshin matar Alhaji, da sarƙa, da ɗankwalin da ya fi kanta girma. Aka shirya ta, na ɗauka. Da na buɗe a kwamfuta sai hotunan biyu suka fito gefe da gefe. Ta matso ta ƙura ido.

Ta ce, "Wannan tsohuwar fa?"

Na ce, "Ke ce, Inna. Haske na gwada."

"Goge ta. Kar in ƙara ganinta."

Sannan ta ja kujera ta zauna a bayana ta zama ubangidana. "Cike mani haƙoran nan. Ƙara mani haske. Ƙara dai. Rowar mi kake yi, da kuɗinka ka sawo farin?" Na ƙara. Na cika kumatu, na miƙe wuya. Da na zo kan bille na tsaya, na ce wannan fa? Ta ce, "Shafe shi, an bar yayinsa." Da na gama sai ga wata Hajiya fara sol, mai ƙiba, haƙora a jere, wadda ko ƙofar kasuwa ba ta taɓa bi ba. Inna Kande ta gyaɗa kai ta ce, "Yauwa, yanzu ka ɗauke ni."

A bakin ƙofa ta juyo. "Ka goge waccan?"

"Na goge, Inna."

"Ce wallahi."

Na ce, "Haba Inna, kin taɓa jin na yi miki ƙarya?" Ta yarda ta tafi. Ni kuwa hannun da Malam Yohanna ya horar ba ya iya yar da na asali. Na sa masa suna na adana.

Bayan kamar shekara uku mantuwa ta fara kama ta. Sai ta zuba gishiri sau biyu, sai ta kira jikarta da sunan wadda ta rasu tun tuni. Alhaji ya hana ta zuwa kasuwa. Wata ranar kasuwa a tsakiyar damina, matan gida suna wanki a baya, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Azahar ba ta dawo ba, la'asar ba ta dawo ba. Masara a lokacin ta fi mutum tsayi, rafuka duk sun cika, ga kuma abin da kowa ya sani na hanyoyinmu a 'yan shekarun nan, wanda ba a son ambata da baki.

Ban taɓa ganin garin nan ya tashi tsaye irin na ranar ba. Aka yi shela a masallatai bayan kowace salla, ran Lahadi aka yi a coci. 'Yan sintiri suka jeru suka tsefe gonakin bayan gari kunya kunya. Aka zura mutum da igiya a tsofaffin rijiyoyi uku, ya fito da guga biyar da mushen akuya. 'Yan acaba suka raba hanyoyi tsakaninsu, wasu Funtua, wasu Bakori, wasu ƙauyuka. Mata suka cika gidan Alhaji, masu addu'a na yi, masu girki na yi, masu ba da labarin inda suka ji an gan ta sun fi kowa yawa. Wani ya ce a Kano, wata ta ce aljanun tsamiya ne, wani malami ya buga ƙasa ya ce tana gabas kusa da ruwa, wani ya ce yamma. Alhaji kuwa ya ajiye wayarsa a kan cinya, in ta yi ƙara kowa sai ya yi tsit.

'Yan sanda suka buɗe bincike, aka ba wani Sufeto aikin, mutum mai sanyin magana. Abu na farko da ya nema shi ne hoto. Alhaji ya shiga falo ya sauko da na bango, don a wajenmu in za a nuna uwar mutum ga duniya, da mafi kyawun kamarta ake nuna ta. Aka rubuta a ƙasa, Hajiya Hauwa'u, mahaifiyar Alhaji Sani, sunan da ko ita sai ta yi tunani kafin ta amsa shi. Aka kawo mini in buga. Ni na buga su da hannuna, tuli guda, aka liƙa a tashoshi, a jikin motoci, a ƙofar asibiti, aka watsa a wayoyi.

Ina bugawa na san akwai matsala. Amma ga tambarin shagona a ƙasan hoton, ga mutane na wucewa suna cewa kai, Bala ya iya aiki. Ga kuma alƙawarin da na yi wa tsohuwa, wanda in na fito da ɗaya hoton na tona wa kaina asiri cewa ban cika ba. Sai na lallashi zuciyata da cewa ai kowa ya san Inna Kande. Kowa a Malumfashi ya san ta, gaskiya ne. Abin da na ƙi tunawa shi ne, da tana inda aka san ta da tuni an kawo ta gida. Hoton na waɗanda ba su san ta ba ne.

Cikin kwana uku aka kai farare masu ƙiba har uku ofishin 'yan sanda. Ta ukun wata Hajiya ce 'yar kasuwa daga Funtua za ta Kano sarin atamfa. 'Yan kamasho suka gan ta a tasha, suka duba takarda, suka kewaye ta da ladabi suna cewa, "Sannu Hajiya, kwantar da hankalinki, gida za mu kai ki." Tana cewa ita ba ta ɓata ba, suna ce wa juna ka ji ko, an ce dama mantuwa gare ta. Da ta fara zagi suka ce ciwon ne ya motsa. Sai da mijinta ya zo daga Funtua da katin shaidarta aka sake ta, kuma na ji an ce har yau ba ta bi ta tashar nan.

Rana ta huɗu aka kwana ana ruwa. Da safe labari ya zo an tsinci zane a bakin rafi, aka ruga, ashe ba nata ba ne. Na je gidan Alhaji yin jaje, muna zaune da maza a rumfar ƙofar gida, Sufeto ma yana nan. Sai ga Gwaggo Abu ta fito, ƙawar Inna Kande ce tun suna amare, rumfarsu ɗaya a kasuwa. Ta tsaya gaban takardar da aka liƙa a jikin ƙyaure, ta kawo fuska kusa, ta ja baya.

Ta ce, "Wannan baiwar Allah kuma wace ce? Ita ma ta ɓata?"

Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu a hanya. Wani ya ce mata ai Inna Kande ce. Ta ce, "Wace Kanden? Shekara arba'in muna zama tabarma ɗaya, ban taɓa ganin wannan ba. In wannan kuke nema, to ku bar ni in nemi tawa."

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba a sana'ar nan. Na ga tsohuwa tana tafe cikin ruwa a wani ƙauye, mutane na wuce ta da takardata a hannu suna neman wata. Na tashi ba sallama, na zo shago, na buɗe ajiya. Tana nan yadda na bar ta, da zanen atamfa, da bille, da giɓi, tana dariya. Ban taɓa komai a jikinta ba, na buga na koma.

Alhaji ya karɓa ya duba, fuskarsa ta canza. Ya ja ni gefe, amma muryarsa ta fi gefen faɗi.

Ya ce, "Malam Bala, uwata za ka liƙa a tasha da giɓi a waje, da zanen kasuwa? Duniya ta ce Sani na da hali ya bar mahaifiyarsa haka?"

Na ce, "Alhaji, da wannan zanen ta fita. Leshin yana cikin akwatin maiɗakinka."

"Ai ta ce ka goge wannan. A gabana ta faɗa."

Na ce, "Ta faɗa kam, amma ban goge ba. Wannan tsakanina da ita ne, in ta dawo ta yi mini duk abin da ta ga dama. Amma ta falon nan ni na ƙera ta, ba ta taɓa fita ko ƙofar gida ba. Wannan ce ta ɓata."

Sufeto ya miƙo hannu ya karɓi hotunan biyu, ya jera su a kan gwiwarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wato kwana huɗu yarana na neman matar da ba a haifa ba. Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Hannunka na da kyau. Allah ya shirye ka." Ya juya ga Alhaji ya ce masa zaɓi nasa ne, amma shi in uwarsa ce, ko da tsumma a jikinta zai liƙa. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya share ido da hannun riga, ya ce a buga.

Aka bi duk inda aka liƙa na farko aka ɗora sabon a kai. A ƙasa aka rubuta Inna Kande mai daddawa. Mutanen gari suka yi ta tsayawa suna cewa yauwa, ga ta nan, kamar dai an riga an same ta. Wasu kuma suka riƙa leƙowa shagona suna tambaya ko su ma in sun ɓata za a gane su.

Washegari kafin azahar wayar Alhaji ta yi ƙara. Wani ɗan acaba ne mai suna Mati, daga wani ɗan ƙauye gaba da Tsiga. Ya ce, "Alhaji, na ga sabon hoton, tsohuwar nan tana gidana tun ran kasuwa. Yanzu haka na baro ta tana yi wa maiɗakina faɗa kan miya."

Da muka isa muka ji sauran. Motar 'yan kasuwa ta shiga, aka sauke ta a Tsiga, ta kama hanya da ƙafa. Matar Mati ce ta same ta a gindin ɗorawa ta fake wa ruwa, ta kawo ta gida. In an tambaye ta suna sai ta ce ita ɗiyar Tanko ce, in an tambaye ta ina za ta sai ta ce gidan innarta, a ƙetaren rafi. Rafin kuwa ya cika har ya shafe gada. Kullum da safe sai ta ɗauki ƙwarya ta nufi ƙofa, matar Mati ta tare ta da dabara, yau a nuna mata yadda ake dafa kalwa, gobe yadda ake shanya ta. Da haka ta riƙe ta kwana biyar, kuma ta ce dabarunta sun kusa ƙarewa.

Mati kuwa yana cikin masu neman. Takardar farko tana manne a tankin babur ɗinsa, ya ƙona mai har Bakori yana leƙen fuskar duk wata farar Hajiya, ya dawo gida da yamma tsohuwar da ake nema ta miƙa masa ruwa. Ya kai ta wajen mai unguwa, mai unguwa ya dubi takarda ya dube ta ya ce ba ita ba ce, a ci gaba da riƙo har a ji masu ita. Mati ya ce har ita kanta ya nuna wa hoton ko ta san matar. Ta duba ta ce, "Wannan ta ji daɗin duniya, Allah ya bayyana ta."

Aka dawo da ita da jerin babura har ƙofar gida, ana ta hon, mata na guɗa. Ita tana gaban mota tana ɗaga wa mutane hannu, tana tambayar Alhaji bikin wa ake yi.

Saura ni. Bayan mako guda Alhaji ya aiko in zo, wai Gwaggo Abu ta gaya wa Inna Kande hotonta ya cika gari, ita kuma ta ce a kira mata mai hoton da abin da ya liƙa. Na san na shiga uku. Na buga guda mai kyau a takarda mai kauri, na haddace ban haƙurina a hanya, na shirya shan zagi har da na kakanni. Alhaji kuma ya gaya mini a zaure cewa tun da ta dawo sau biyu ana kamo ta a bakin ƙofa da ƙwarya, har sun fara shawarar sa kwaɗo.

Na same ta a tabarma a tsakar gida, Gwaggo Abu na gefenta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Bala mai hoto. Kawo in gani."

Na miƙa mata, na fara, "Inna, ki yi mini aikin gafara, na san kin ce..."

Ba ta saurare ni ba. Ta riƙe hoton da hannu biyu, ta kai shi wajen haske. Ta sa ɗan yatsa ta bi billen a hankali, ta sauko kan bakin. Mu dai muna jiran faɗa.

Ta ce, "Ina ka samo ta?"

Na ce, "Wa, Inna?"

"Innata mana. Ka ga billen. Ka ga dariyar. Haka take yi in ta dawo daga kasuwa ta tarar mun cinye mata ƙuli." Ta juya wa Gwaggo Abu hoton. "Abu, kin gan ta? Ita na tafi nema, ruwa ya hana ni ƙetarewa."

Alhaji ya buɗe baki zai gyara mata, Gwaggo Abu ta harare shi, ya rufe. Ni kuma na ce, "A wajena take a ajiye, Inna."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Ta goge hoton da gefen mayafinta, ta ɗora shi a cinya ta dafe. Sannan ta dubi ƙwaryarta da ke jingine a bango ta ce wa surukarta, "Ɗauke wannan ki kai ɗaki. Tunda ta zo, ba inda za ni."

Ba a sa kwaɗon ba. Shekara biyu ta ƙara a duniya, ba ta sake nufar ƙofa ba.